Yadda ake shafa maganin sanƙo na gado, mataki bayan mataki

Sanƙo ba ya sallama. Yawanci mai aski ne ke fara ganinsa, ranar da ya ɗaga ɗan madubin nan a bayanka don ka duba ƙeya, sai ka hango tsakiyar kai ta yi wani haske kamar faɗin bakin kofin shayi. Abokai su ce ai arziki ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, ka yi dariyar yaƙe, ka jawo hula ka rufe. Tun da aka gane na jima ina shafa magani a nawa, tambaya ba ta yanke ba, a majalisa da wurin aiki, har da matan 'yan'uwa masu aiko da saƙo ta bakin maigida: wane magani ne, nawa ake sawa, da wane lokaci, kuma yana yi kuwa? Na ga gara in zauna in jera amsar sau ɗaya.

Sunan maganin minoksidil, a jikin kwali kuma za ka ga an rubuta Minoxidil. Shi ne maganin shafawa da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don sanƙon gado tun 1988. Kafin ka fitar da ko sisi, ka riƙe wannan: gashin da ya fito ta dalilinsa haya ka ɗauka, ba saye ka yi ba. Muddin kana biya kana ciki, ranar da ka daina mai gida zai karɓi kayansa.

1. Ka tabbatar na gado ne

Nan mutane da yawa ke asarar kuɗi, domin zubewar gashi iri-iri ce, maganin kuwa an yi shi ne don iri ɗaya.

Sanƙon gado yana da salon tafiyarsa. A maza yakan fara cin kusurwoyin goshi biyu, ko tsakiyar kai, ko duka, ya bar ƙeya da gefen kunnuwa lafiya lau. Yana tafiya a hankali, cikin shekaru. In ka matso da madubi za ka ga gashin wurin bai ɓace gaba ɗaya ba, sirancewa yake yi, yana gajarta, yana komawa kamar na jariri. Fatar kuma ba ciwo, ba ƙuraje, ba tabo. A mata goshi yakan tsaya a inda yake, sai dai tsagar tsakiyar kai ta riƙa faɗaɗa, kitson da da yake cika hannu ya koma ɗan siriri. Ka duba dangi ta ɓangaren uba da na uwa duka, kawunnai ma suna cikin lissafi. Hula kuwa ba ruwanta, duk da sharrin da ake yi mata. Abin da ke faruwa shi ne wani sinadarin maza da ake kira DHT yana tsuke saiwar gashi a wurin wanda ya gaji saiwa mai jin sa.

Kada ka sayi minoksidil, ka nufi likitan fata, in abin da kake gani ɗaya ne daga cikin waɗannan. Gashi ya cire a zagaye kamar kwabo cikin 'yan kwanaki, wurin ya yi sumul. Ko akwai ɓawo da ƙaiƙayi da karyewar gashi irin na makero, wanda maganin sha yake bukata. Ko gashi na zuba ko'ina a kai wata biyu zuwa uku bayan haihuwa, ko bayan doguwar jinya kamar taifod, wanda galibi yakan dawo da kansa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna zubar da gashi, gwajin jini ne ke nuna su. Akwai kuma wani da ya fi kama mata baƙaƙen fata, yana farawa daga tsakiyar kai da zafi ko tsami, yana barin fata tana sheƙi kamar tabon ƙuna. Wannan yana kashe saiwa har abada in aka yi jinkiri, saboda haka wata shida da za a ɓata ana shafa abin da bai dace ba babbar asara ce.

Sai maganar lokaci. Maganin yana farfaɗo da saiwar da ta raunana ne, ba ya tayar da matacciya. Wanda sanƙonsa bai daɗe ba, wurin bai yi faɗi ba, akwai sauran ƙananan gashi a kai, shi ne ya fi samun biyan bukata. Alhajin da kansa ya shekara 15 yana ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, gaskiya ya adana kuɗinsa. Haka nan ya fi aiki a tsakiyar kai. Takardar da ke cikin kwalin na maza ma cewa take yi ba don goshin da ya ja baya aka yi shi ba, ko da yake wasu na ganin ɗan sauyi a can.

2. Ka duba ko jikinka zai ɗauka

Asalin minoksidil ƙwayar hawan jini ce, yana buɗe hanyoyin jini. Abin da ke ratsa fata ya shiga jiki kaɗan ne, amma kaɗan ɗin ma akwai wanda bai kamata ya same shi ba.

Wanda bai kai shekara 18 ba kada ya shafa. Mai ciki, da mai neman ciki, da mai shayarwa su jinkirta. Mai ciwon zuciya, ko mai shan maganin hawan jini, sai ya fara jin ta bakin likitansa. In akwai rauni a fatar kai, ko ƙuraje, ko kumburi, ko ƙurajen ƙeyar nan da ke fitowa bayan aski, a bari su warke tukuna, domin buɗaɗɗiyar fata tana shan magani fiye da kima.

3. Saye da lissafin kuɗi

Ƙarfi biyu aka amince da su: 2% da 5%. Namiji ya ɗauki 5%. Wani bincike da aka buga a 2002, wanda aka yi a kan maza 393 na tsawon mako 48, ya nuna 5% ya fi 2% fitar da gashi da kashi 45 cikin 100. Mace tana da zaɓi biyu: na ruwa 2% sau biyu a rana, ko na kumfa 5% sau ɗaya a rana. Za ka ga masu talla suna ɗaga 10% ko 15% suna cewa ya fi sauri. Ba a amince da waɗannan ba, abin da suka fi kawowa ƙaiƙayi ne da ƙonewar fata.

Yana zuwa iri biyu. Na ruwa, a kwalba mai mil 60, da ɗan bututun gilashi ko roba mai alamar mil 1, wani kuma da kan feshi. Shi ya fi araha, ya fi kuma sauƙin kaiwa ga fata in gashi na da cika ko akwai kitso. Aibinsa yana da maiƙo, yana jimawa bai bushe ba, kuma yana ɗauke da wani sinadari da ake rubutawa propylene glycol a jerin kayan haɗi, wanda shi ne ke sa wasu susa. Na kumfa yana zuwa a gwangwani mai giram 60, yana bushewa da wuri, yawancinsa babu wancan sinadarin, amma ya fi tsada.

Sunayen da za ka ci karo da su sun haɗa da Rogaine da Regaine, da Kirkland, da na Indiya irin su Tugain da Mintop. Sinadarin da ke aiki ɗaya ne, kada suna ya ruɗe ka. Abin tsoro shi ne jabu, musamman a hannun masu sayarwa ta waya da ba su da shago. Ka je babban kantin magani mai rajista, ka duba ranar lalacewa a kwali da kwalba ka ga sun zo ɗaya, ka tabbatar murfin a liƙe yake, in a Najeriya kake ka nemi lambar NAFDAC. Man gashin da aka haɗa a gida aka ce "an sa minoksidil a ciki" ba ka san nawa aka sa ba, ba ka ma san ko an sa ba.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi a tsaye a gaban kanta kafin ya miƙa kuɗi. Mil 1 sau biyu a rana, mil 60 ke nan a wata, wato kwalba ɗaya wata ɗaya. Ka tambayi kuɗin kwalba, ka ninka sau 12, wannan shi ne kuɗin shekara, kuma farashin yana bin dala. In ka ga aljihunka ba zai jure ba, gara kada ka fara, domin wata biyu ka tsaya bai ba ka komai ba sai zubar da kuɗi. In zai jure, sayi na wata uku ko shida a haɗe, ya fi sauƙi, kuma ba za ka wayi gari kwalba ta ƙare ba shiri. Mace mai amfani da kumfa sau ɗaya a rana, gwangwani ɗaya yana kai ta wata biyu.

Gargaɗi kan ajiya: an so a ajiye shi a wuri mai sanyi, kusan digiri 20 zuwa 25. Wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wannan sai dai a yi ƙoƙari. Ka nemi lungun da ya fi sanyi a ɗaki, cikin durowa, nesa da taga. Kada ka bar shi cikin mota, musamman gwangwanin kumfa, wanda zafi kan iya fasa shi.

4. Ɗauki hoto kafin ɗigon farko

Ido maƙaryaci ne a kan abin da yake gani kullum. Ka sa wani ya ɗauke ka hoto uku: daga sama, daga gaba, daga baya, a waje da hasken safe, gashi a bushe. Ka riƙe wurin da ka tsaya da tsawon askin, domin haka za ka maimaita duk farkon wata. Sannan ka ɗiga ɗan kaɗan a bayan kunne ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. In wurin ya kumbura ko ya yi ƙuraje, jikinka bai karɓe shi ba.

5. Tsara lokaci, musamman saboda alwala da wanka

Wannan ne matakin da takardar cikin kwali ba za ta taimake ka ba, don ba domin mai shafar kai a alwala sau biyar a rana aka rubuta ta ba.

Dokar ita ce maganin ya samu aƙalla awa 4 a kan fata ruwa bai taɓa shi ba. A awa ɗaya na farko fata takan sha kusan rabin abin da za ta sha, a awa 4 kuma kusan kashi uku cikin huɗu. Da ka duba jerin salloli za ka ga tazara biyu masu faɗi, kamar don wannan aka yi su: daga Asuba zuwa Azahar, da kuma daga Isha'i zuwa Asuba. Ni tsarina ke nan. Na yi wankan safe, kai ya bushe, wajen ƙarfe 7 in shafa, kafin alwalar Azahar awa shida ta wuce. Da dare kuma ina dawowa daga Isha'i in shafa, in zauna hira ko kallon labarai, kafin in kwanta ya bushe. Tsakanin Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, babu isasshen lokaci, kada ka sa a nan.

Kuskuren da na yi a watan farko shi ne shafawa dab da kwanciya. Da safe sai in ga rigar filo ta yi dabbare-dabbare, ashe rabin maganin can ya tafi, daga filo kuma ya koma fuska. Ka ba shi awa 2 aƙalla kafin kanka ya taɓa matashi.

In wanka ya kama ka kafin awa 4 ta cika, yi wankanka, kada ka sake shafawa, jira lokaci na gaba. In ka manta da na safe, ya wuce, kada ka ninka na dare. Mai sana'ar da gumi ke tsiyaya masa tun hantsi, kamar ɗan acaba ko mai aikin gini, ya shafa da sassafe sosai, ya kuma fi ba na dare muhimmanci. Akwai sinadarin alkohol a cikin maganin, shi ke sa shi narkewa da bushewa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba a kan haka ya tambayi malaminsa tun kafin ya saya.

6. Shafawa

Fatar kai ta kasance a bushe ƙayau, babu mai, babu basilin, babu gumi. Ba sai ka wanke kai kullum ba, amma in mai ya taru ya yi kauri, magani ba zai ratsa ba.

Na ruwa: ka matsa robar bututun, ka zuƙo har daidai layin mil 1. Ka ɗan sunkuyar da kai baya kaɗan, don kada ya gangaro goshi. Ka buɗa gashi da yatsa ko mataji har ka ga fata, ka ɗora bakin bututun a kan fatar, ka saki ɗigo biyu ko uku, ka matsa gaba kamar faɗin yatsa biyu, ka sake. Fara daga tsakiyar wurin da ya yi haske ka fita zuwa gefe, har ka ɗan shiga inda gashi ke da sauran ƙarfi, domin can sanƙon ya nufa. Bayan ɗigo kaɗan ka tsaya ka baje da kan yatsa, a hankali, ba murza ba. In ka juye mil ɗin gaba ɗaya a wuri ɗaya, za ka ji sanyinsa yana bin bayan kunne zuwa wuya, wannan kuwa ya tafi a banza.

Abin da za ka riƙa tunawa shi ne fata ake ba maganin, gashi ba ya cin komai. Gashin da ya jiƙe sharkaf alhali fata a bushe, kuɗi ne aka zuba wa ciyawa aka bar saiwa. Shi ya sa ban cika son kan feshi ba ga mai gashi, sai ga wanda ya yi aski ƙasa-ƙasa. In feshin za ka yi, duba takardar kamfanin ka ga sau nawa ake dannawa a samu mil 1, domin ba ɗaya ba ne a kowane kwali, kuma ka kau da fuska kada ka shaƙa.

Na kumfa: ka fara wanke yatsu da ruwan sanyi ka goge, in ba haka ba zafin hannu zai narkar da ita kafin ta kai ka. A lokacin zafi ni kan matsa ta a kan faranti ko cikin murfin, in riƙa ɗiba. Ka kifa gwangwanin kansa ƙasa, ka matso rabin murfi, ka buɗa gashi, ka shafa a fata.

Gargaɗi: mil 1 ne ko da wurin ya yi faɗi, kuma kada a wuce mil 2 a yini. Ƙari ba ya ƙara gashi, sai dai ya ƙara abin da ke shiga jini. In ya shiga ido, wanke da ruwan sanyi mai yawa nan take.

7. Minti goma na bayan shafawa

Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa komai. In ya gangaro goshi ko kumatu, goge da jiƙaƙƙen tsumma, don duk inda ya saba zama gashi na iya tsirowa. Kada ka kusanci wuta, murhu ko sigari har sai ya bushe, yana kamawa. Kada ka busar da na'urar busar da gashi. Hula ko ɗankwali kuma sai bayan ya bushe, in ba haka ba yadin ne zai shanye.

Masu ƙananan yara su kula ƙwarai. A Turai an samu rahotannin jarirai da gashi ya fito musu a baya da cinyoyi saboda cuɗanya da fatar iyaye masu shafa maganin, ya kuma zube bayan an raba su da shi. Yaron da ke hawa wuyan babansa yana wasa da kansa, ko mai kwana a filo ɗaya da uwa, a kiyaye. Kwalbar kuwa a ɗaga ta inda hannu ba ya kaiwa, in yaro ya sha maganin, awon jininsa zai faɗi ƙasa, sai asibiti cikin gaggawa. Kyanwa ma ɗan kaɗan yana iya kashe ta, ko da lasar filo ne ko tsumman da ka goge hannu.

8. Ga mata: kitso, mai da gyaran gashi

Ke taki ta ɗan fi sauƙi ta wani ɓangaren, domin kitso ya riga ya tsaga miki hanyoyi. Ki bi layin tsagar da bututun, ɗigo-ɗigo, a wurin da ya yi sako-sako, ki baje da yatsa. Sai dai ki gaya wa mai kitso ta sassauta hannu. Kitson da ke ɗaure fuska har ki kasa runtse ido, da ƙarin gashi mai nauyi, suna cin gaban goshi da kansu, kuma babu maganin da zai yi nasara ana ja yana ja.

Man kitso, man kaɗanya da man kwakwa ba a hana ki ba. Magani ne farko a busasshiyar fata, in ya bushe sai ki shafa mai a jikin gashin, ki rage kai shi fata. Ki riƙa wanke kai aƙalla sau ɗaya a mako, don abin da ya taru ya fita. Ranar da za ki sa man miƙar da gashi ko rini, ki wanke maganin tas, kada ki shafa a ranar, ki kuma ƙara awa 24 bayan an gama. In man ya ƙona miki fata, sai ta warke.

Abin da ya fi damun mata shi ne gashi a gefen fuska. Yawanci daga gangarowa ne, ko daga filo, ko ɗankwalin da aka ɗaura magani bai bushe ba. In kin gyara waɗannan bai daina ba, ki tsaya ki ga likita. Yakan zube cikin 'yan watanni bayan an daina. In kuma zubewar gashin ta zo tare da rikicewar al'ada, da ƙurajen fuska, da gashi a haɓa, a duba sinadaran jiki tukuna.

9. Zubewar makonnin farko

A nan ake rasa masu farawa da yawa. Tsakanin mako na 2 da na 8 za ka iya ganin gashi na zuba fiye da da. Mataji ya cika, ka shafa kai a wanka ka ga tafin hannu baƙi. Na tuna safiyar da na tsaya ina ƙirga gashi a kan farin tawul, ina cewa na sayo wa kaina bala'i da kuɗina.

Dalilin shi ne kowane gashi yana da lokacin girma na shekaru, da lokacin hutu na kusan wata uku kafin ya faɗi. Maganin yana tashin saiwar da ke hutu, sabon gashi ya turo tsohon waje. Wanda ya zube dama yana kan hanyarsa ta zubewa. Ka ci gaba. In abin ya wuce wata biyu bai lafa ba, ko kana ganin yana cirewa a wurare daban-daban, to a nan a nemi likita.

10. In ƙaiƙayi ko wata matsala ta taso

Farin gari a kan gashi ba lallai amosani ba ne, sau da yawa busasshen magani ne, wanka ke fitar da shi. Ƙaiƙayi da bushewar fata sun fi tsananta da hunturu. Matakin farko ka koma na kumfa. Sabulun wanke kai na amosani mai ketokonazol sau biyu a mako yana taimakawa. In fatar ta yi ja, ta kumbura ko tana ruwa, ka tsaya.

Waɗannan kuwa ba a jira da su: bugun zuciya da sauri, ciwon ƙirji, jiri ko suma, kumburin hannu, ƙafa ko fuska, ko ƙaruwar nauyi haka kawai cikin 'yan kwanaki. Ka wanke kai, ka daina, ka tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Wasu na haɗawa da ɗan abin birgima mai ƙananan allurai da ake bi da shi a fatar kai. In za ka yi, kada ka shafa maganin a ranar, ka bari sai gobe, kuma kada ka yi aron na wani. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu ya bar abin birgimar kwata-kwata.

11. Yanke hukunci da hoto a hannu

Gashi yana tsawon kusan santimita 1 ne a wata, ba shi da gaggawa. A wata na 2 zuwa na 4 za ka fara jin wani laushi a wurin in ka shafa, ƙananan gashi marasa launi kamar na jikin ɗan tsako. Daga baya su yi kauri su yi baƙi. Kada ka yanke hukunci kafin wata 4, mace kuma wata 6, cikakken sakamako kuwa sai wajen shekara. Ka jera hoton farko da na wata 6. In wurin ya cike, madalla. In yana nan yadda yake bai ƙara faɗi ba, wannan ma riba ce, domin sanƙon gado in an bar shi gaba yake yi.

Akwai waɗanda ba ya yi musu, ko da sun bi doka sau da ƙafa. Maganin sai wani sinadari da ke cikin saiwar gashi ya juya shi kafin ya yi aiki, wasu kuma nasu kaɗan ne, ba laifinsu ba ne, ba kuma lallai jabu suka saya ba. Irin waɗannan su koma wurin likitan fata. Yana iya rubuta wa namiji ƙwayar finasterayid, wadda ke rage DHT, tana da nata illolin da ya kamata a tattauna, kuma mai ciki kada ta sha, kada ma ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Wasu likitocin suna ba da minoksidil na sha kaɗan-kaɗan tare da auna jini. Kada ka sha na kwalba, kada kuma ka sayi ƙwayar da kanka a kemis.

In ya karɓe ka, ci gaba za ka yi yadda ka fara, babu ranar sallama. In ka daina, cikin wata 3 zuwa 4 gashin da ya fito zai zube, kan ya koma inda da zai kai in da ba ka taɓa shafawa ba. Tsallake kwana ɗaya ko biyu ba ya rushe komai, amma tafiyar mako uku ba kwalba a jaka tana nunawa. In tafiyar ta jirgi ce, kwalbar mil 60 ba ta kai iyakar mil 100 da ake bari a jakar hannu ba, ka ɗaure murfin sosai ka sa ta cikin leda, bututun kuma ka naɗe shi daban.